Tsohon babur na shiga daji: a duba haƙori kafin a duba fenti

Idan kaka ta yi, an kai damman hatsi rumbu, an sayar da wake da gujiya, kuɗi yakan shigo hannun manomi. Lokacin ne maganar sayen babur take tashi a gidaje da yawa. Makiyayi ma haka ne. Ya sauko daga arewa, bisashe sun ƙoshi, ya sayar da sa guda ko raguna, ya ce shi ma zai huta da tafiyar ƙasa. Sabo ba kowa ke iya sayensa ba. Shi ya sa mutane da yawa suke neman na hannu, wato wanda wani ya riga ya hau.

Manomi ya san sayen sa. Makiyayi ya san sayen raƙumi. Ba wanda zai biya kuɗin bisa bai buɗe bakinta ya ga haƙora ba, bai sa an kora ta ya ga tafiyarta ba, bai tambayi garken da ta fito ba. Amma in mutum ya zo gaban babur, sai ya manta da wayonsa duka. Ya ga fenti yana walƙiya, ya ji ƙarar inji, ya ƙirga kuɗi ya miƙa. Bayan wata biyu babur yana jingine cikin zaure, kaji suna kwana bisansa, sa kuwa ya tafi.

Babur ma yana da haƙora, yana da numfashi, yana da asali. Ga yadda wani manomi ya bi ya duba nasa.

Abin da ya sa ya nemi babur

Mutumin ɗan ƙasar Madarumfa ne, kudu da Maradi. Garinsu yana gefen dajin Baban Rafi. Kwalta ba ta kai can ba. Da rani hanyarsu rairayi ce. Da damina kuwa taɓo ne da ruwa kwance, ga kututture, ga ƙaya. Shekarunsa sun kusa arba'in. Ya yi rani biyu a makarantar yaƙi da jahilci, kuma shi ke riƙe da littafin ƙungiyar manoman garinsu.

Ba don ƙawa yake son babur ba. Wata damina ɗiyarsa ƙarama ta kamu da zazzaɓi mai zafi. Anka ɗora ta bisa amalanken shanu bayan isha'i, ba su kai gidan likita ba sai da asuba. Allah ya tashi kafaɗunta, amma likita ya ce saura kaɗan a makara. Tun ranar ya ƙulla a ransa sai gidansu ya samu abin hawa mai sauri. Ban da haka, shanunsa suna hannun wani Bafulatani can cikin daji, kuma yana cin kasuwa biyu kowane mako.

Ya sayar da sa guda da buhunan wake. Kafin ya fita nema, ya tafi ya gaida ƙanen mahaifinsa, ya faɗa masa niyyarsa. Tsohon ya yi shiru, sannan ya ce: "Ɗana, san da ka sayar ciyawa yake ci, kuma kullum kuɗinsa ƙaruwa yake. Abin da za ka sayo kuɗi yake ci, kuma kullum raguwa yake. In ya zama dole, ka sayo wanda ba zai ci maka sa na biyu ba."

Ya ce: "Na ji, Baba. A sa mini albarka."

Na kwalta daban, na daji daban

Babura ba iri ɗaya ba ne. Na kwalta gajere ne, cikinsa kusa da ƙasa, tayoyinsa masu santsi. Cikin gari ba shi da laifi. Na daji dogo ne. Injinsa yana sama, kututture ba ya taɓa shi. Tayoyinsa masu kaushi ne, da tsaga mai zurfi, suna kama ƙasa. Ƙafar gaba ta fi ta baya girma, yawanci inci 21 gaba, inci 18 baya. Babbar ƙafa tana haye rami da saiwa ba ta tsaya ba. Murfin ƙafar gaba yana can sama don kar taɓo ya cushe, bututun hayaƙi ma an ɗaga shi saboda ruwa.

Kamfanin Yamaha na ƙasar Japan ya fitar da irin wannan babur a 1968, da suna DT-1. Ƙannensa sunka biyo baya, DT 125 da DT 175. Manya sun san su, don da su malaman gona da malaman dabbobi da ma'aikatan furoje sunka riƙa shiga ƙauyuka. A 1973 kamfanin ya fitar da AG 100, wanda anka yi don manoma da makiyayan Ostareliya. Shi sarƙarsa a rufe take cikin akwatin ƙarfe, rairayi ba ya samunta, kuma yana da wurin ɗaura kaya gaba da baya. Kamfanin Suzuki ma yana da nasa, TS 125 da TF 125. Lambar da ke bayan suna girman inji take nunawa: 175 ya fi 125, 125 ya fi 100.

Akwai kuma babur na tsere, kamar Yamaha YZ. In an gan shi daga nesa, kamar na daji ne. Amma ba shi da fitila, ba shi da wurin kaya, ba ya son tafiya a hankali, kuma injinsa yana neman gyara a kai a kai. Dokin sukuwa ne, ba a ɗaura masa galma.

Girma ma a duba. Mai saye ya hau ya gani ko ƙafafunsa suna taɓa ƙasa. Ya kwantar da babur ya gani ko zai iya ɗaga shi shi kaɗai. Cikin rairayi babu wanda ba ya faɗuwa, kuma cikin daji ba kullum ake samun mai kama maka ba. Ga aikin manomi, 100 ko 125 ko 175 ya isa.

Bugu biyu da bugu huɗu

DT da AG 100 da TS da TF duk injin bugu biyu gare su. Makanikai suna ce masa de-tan. Ya kamata mai saye ya san ma'anarsa.

Cikin inji akwai wani ƙarfe kamar ƙaramin gwangwani, sunansa pisto. Yana hawa yana sauka cikin silinda kamar taɓarya a turmi. Buji yana ba da wuta, esansi ya kama, ya tura pisto ƙasa. A injin bugu biyu, duk hawan da pisto ya yi wuta tana kamawa. A injin bugu huɗu, sai ya hau sau biyu wuta ta kama sau ɗaya.

Shi ya sa ɗan ƙaramin bugu biyu yake da fizga, kuma ba shi da nauyi. Kayan cikinsa kaɗan ne. Mai gyara yana iya buɗe kansa a gindin icce da ƴan ƙarafa kaɗan. Wannan shi ne alherinsa.

Ga kuma nauyinsa. Injin bugu huɗu yana da man inji kwance a cikinsa, yana zagayawa yana komowa. Bugu biyu ba shi da haka. Mansa tare da esansi yake shiga, ya shafi ƙarafa, ya ƙone, ya fita. Shi ne shuɗin hayaƙin nan da ake gani. Saboda haka mai shi yana sayen esansi, yana kuma sayen mai, kullum. Kuma ya fi bugu huɗu shan esansi. Ranar da mai ya yanke, ba a nisa pisto ya yi zafi ya cije cikin silinda, babur ya tsaya cik.

Hanya biyu ce ta ba shi mai. Ko a gauraya cikin tanki da hannu, yadda ake yi ma mobilet, ko kuwa famfo ya riƙa ɗiga masa daga wani ƙaramin tanki. Yamaha ya fara sa irin wannan famfo a 1964.

A watan Janairu na 1994 anka karya darajar sefa da rabi, kayan waje sunka yi tsada, baburan Japan ma haka. Bayan shekara ta 2000 baburan Cana da Indiya masu bugu huɗu sunka cika kasuwa, su ne ƴan kabu-kabu ke hawa. Ba su shan esansi da yawa, kuma kayan gyaransu suna ko'ina. Wanda hanyarsa mai ƙarfi ce, ko kusa da kwalta yake, irin waɗannan sun fi masa sauƙi. Mutumin namu kuwa ya ga yadda suke nutsewa a rairayin garinsu, cikinsu yana dukan kututture. Shi ya sa ya tsaya kan dogon babur.

Mai gyara kafin mai sayarwa

Da ya iso Maradi bai nufi wurin masu sayar da babura ba. Ya fara tambayar mai gyara wanda ya san de-tan. Anka nuna masa wani dattijo. Bayan gaisuwa ya ce: "Maigida, in na sayi irin babur kaza, za ka iya gyara mini? Kayansa suna samuwa?"

Dattijon ya ce: "Malam, kai ne ka fara daga inda ya kamata. Mutane sai sun saya suke zuwa wurina."

Ya lissafa masa abin da ke ƙarewa: pisto da zobbansa, buji, sarƙa da faranti biyu masu haƙora, robobin da ke tsare mai, wayar birki da ta kuloci, tayoyi. Ya gaya masa irin da ake samun kayansa a kasuwa ranar da anka nema, da irin da sai an aika nesa a jira. Ya ce kuma ya nemi inji mai sanyaya da iska, mai fiffike a jikinsa. Wasu DT na baya da ruwa suke sanyaya, kuma in ƙaya ko icce ya huda ma'ajin ruwan cikin daji, tafiya ta ƙare.

Sunka shirya kuɗin wahalarsa, sunka fita tare.

Na farko: kyan ɗan maciji

Babur na farko yana hannun dillali. Ja ne wur, an wanke shi, an shafa ma tayoyi mai. Dillali ya ce: "Alhaji, wannan sabo ne, sai dai suna." Ya taka sau ɗaya, inji ya tashi.

Dattijon bai kula da ƙarar ba. Da ma tun isowarsu ya ɗora bayan hannunsa bisa inji, ya ji da ɗumi. An riga an tashe shi kafin su zo. Inji mai ɗumi yana ɓoye ciwonsa. Ya ce za su komo gobe da sassafe, kar kowa ya taɓa shi.

Da safe inji ya yi sanyi. Dillali ya yi ta takawa har ya yi gumi. Dattijon ya karɓa, ya danna abin takawa da hannu, ya sauka sakwaf ba wata turjiya. Lafiyayyen inji yana turje ma ƙafa, don pisto yana matse iska. In babu turjiya, zobba sun ci ko silinda ta buɗe. Sannan ya buɗe akwatin iska. Soson da ke tace ƙura ya ruɓe, rabinsa babu. Ya sa yatsa cikin bututun da ke bayansa, ya fito da ƙasa. Duk ƙurar hunturu da rairayin hanya sun shiga inji, sun yi ta gurzarsa kamar dutsen niƙa.

Ya dubi manomin ya ce: "Malam, mu tafi."

Na biyu: lamba ta tona

Na biyu wani saurayi ne ya kawo shi. Injinsa lafiya lau, dattijon ma ya yaba. Kuɗinsa kuma ƙasa da na kowa. Saurayin yana ta sauri, wai tafiya gare shi.

Manomin ya ce a ba shi takardu. Kowane babur yana da lamba da anka buga a jikin ƙarfensa, wajen wuya, ƙarƙashin kai. Inji ma yana da tasa. Lambar wuya ita ce ke rubuce cikin kart giris. Ya durƙusa, ya goge wurin da bakin rigarsa, ya riƙa karantawa ɗaya bayan ɗaya, yatsansa bisa takarda. Da ya zo kusa da ƙarshe ya tsaya. Takarda ta ce 3, ƙarfe ya ce 8. Ya duba da kyau, ya ga wurin an goge shi an sake bugawa. Sunan da ke takarda kuma ba na saurayin ba ne.

Saurayin ya ce: "Baba, kuskuren mai rubutu ne. Na rage maka jikka goma."

Ya ce: "Yaro, ko kyauta ka ba ni ba ni so."

Babur na sata ko wanda bai bi ta duwan ba, ranar da jandarma sunka tsayar da shi, mai shi ya rasa babur, ya rasa kuɗi, wataƙila ma ya kwana a rufe. Mutumin da bai iya karatu ba, da ya ga takarda da hatimi sai ya yarda. Rani biyu na makaranta sun tsare masa sa guda a wannan rana.

Na uku: mummuna mai lafiya

Na uku DT 125 ne na wani tsohon malamin gona da ya bar aiki. Rana ta cinye fentinsa. Sirdi ya yage, an ɗinke da zare. Yana jingine a gida tun jiya, injinsa da sanyi. Mai shi ya fito da takardu cikin leda, lamba ta yi daidai, suna nasa ne. Ya ce: "Ku duba yadda kuke so. Gwiwa ce ta hana ni hawa."

Dattijon ya fara daga buji. Ya kwance shi ya nuna ma manomin bakinsa. Launinsa kamar shayi da madara. Wannan shi ne mai kyau. In baƙi ne jiƙe da mai, mai ya yi yawa ko wuta ba ta da ƙarfi. In fari ne fat, inji yana zafi fiye da kima, kuma wannan ya fi haɗari.

Ya nemi izini, ya kwance bututun hayaƙi, ya haska tocila cikin ramin. Daga nan ana ganin gefen pisto da zobbansa. Sumul yake. In da ya taɓa cijewa, da an ga zane-zane daga sama zuwa ƙasa, kamar kaftun kyanwa. Ya tambayi mai shi ko an taɓa faɗaɗa silinda. In silinda ta ci, ana faɗaɗa ta a sa pisto mafi girma: 0,25, sannan 0,50, sannan 0,75, sannan 1,00. Lambar tana rubuce bisa kan pisto. Wanda ya kai ta ƙarshe ya kusa cinye rabonsa. Malamin ya ce sau ɗaya anka yi, ya nuna takardar mai gyara.

Ya buɗe murfin hagu, ya kama ƙarfen nan mai juyawa da ke ba da wuta, ya jijjiga shi sama da ƙasa. Bai motsa ba. In yana motsi, gindin inji ya ci, kuma gyaransa shi ne mafi tsada, don sai an raba inji biyu.

Ya duba ƙaramin tankin mai, da mai a ciki. Ya bi siririn bututunsa har famfo, daga famfo har inji. Wasu suna cire famfo su koma gauraya da hannu, kuma su sayar ba su faɗa ba. Mai saye ya zuba esansi zalla, ya kashe inji ranar farko. Wannan tambaya ba a barinta.

Sannan anka tashe shi. Taku biyu ya kama. Hayaƙi ya fito shuɗi, da inji ya yi ɗumi ya ragu. Farin hayaƙi mai kauri wanda ba ya raguwa yana nuna man giya yana yoyo zuwa cikin inji. Dattijon ya murɗa ya saki, ƙara ta sauka nan da nan, ta zauna daidai. In ƙara ta ƙi sauka, ko tana hawa da kanta, iska tana shiga ta inda bai kamata ba, kuma irin wannan inji yana kusa da cijewa. Ya kasa kunne. Ba ƙwanƙwasa, ba gurnani daga ƙasa.

Daga nan ya ce ma manomin: "Malam, zo ka ga haƙora." Ya nuna masa farantin baya. Haƙoransa sun yi tsini, sun lanƙwashe kamar ƙayar magariya. Ya ja sarƙa daga bayan faranti, ta taso har ana ganin haske. Sun ƙare. Ana canza su uku tare, sarƙa da faranti biyu, don tsoho yana cinye sabo. Tayar baya ma ta side.

Sauran manomin ya duba da kansa, yadda anka nuna masa. Ya ɗaga kowace ƙafa ya jijjiga gefe da gefe. Ya bi wayoyin ƙafa yana ƙwanƙwasawa da ƙusa, mai sanyin murya ita ce sakakkiya. Ya danna gaba ya saki, ya duba ko sandunan gaba suna yoyon mai. Ya bi ƙarfen jiki yana neman tsaga ko sabon walda, musamman wuya da ƙarƙashin inji. Ya tsaya daga baya ya hanga ko ƙafa biyu suna layi ɗaya. Ya buɗe tanki ya leƙa ko da tsatsa.

Bai gwada shi bisa kwalta ba. Ya fita bayan gari inda rairayi yake, ya ɗauki dattijon a baya don nauyi. Ya shiga giya duka, ba wadda ta fita da kanta. Ya kama birkin gaba, ya kama na baya. Da sunka komo, sunka tsayar da shi, sunka jira kaɗan, sunka sake tashinsa da zafinsa. Ya kama.

Lissafi

Da dare ya fito da littafinsa ya ja layi. Ya rubuta kuɗin da mai babur ya faɗa. Ƙarƙashinsa ya rubuta sarƙa da faranti, taya, sabon buji, canjin man giya, kuɗin mai gyara, kuɗin sauya suna a takarda, asiransi, hular kwano. Da ya tara, ya ga abin ya zarce kuɗin da ke hannunsa.

Da safe ya koma da littafin. Ya ce: "Malam, baburinka lafiyayye ne, ban kushe shi ba. Amma ga abin da zan kashe kafin ya kai ni gida." Malamin ya duba ya yi murmushi, ya rage kuɗin sarƙa da taya. Anka rubuta takardar ciniki da sunan mai sayarwa, da sunan mai saye, da lambar wuya, da kuɗi, da rana, da shaidu biyu. Sunka kai anka buga hatimin hukuma.

Bai kashe kuɗinsa duka ba. Dattijon ya ba shi shawara ya raba kuɗi huɗu, ya saya da uku, ya ajiye ɗaya. Misali, mai jikka 400 ya nemi babur na jikka 300. Tsohon babur ba ya rasa abin da zai nema cikin watannin farko. Wanda ya zuba kuɗinsa duka ranar saye, rumbu zai buɗe ranar gyara.

Riƙo bayan saye

Abin da dattijon ya gaya masa ranar rabuwa ya rubuta a bangon littafi, kuma yana amfanar kowa.

Mai shi ne ran bugu biyu. A sayi wanda anka rubuta 2T a jikin gwangwaninsa. Baƙin man da anka juye daga mota ba ya yi, yana toshe inji da gawayi. Kullum kafin a fita a leƙa ƙaramin tanki. Mai gauraya da hannu ya auna, kar ya zuba da ka. In ana sa 4 cikin 100, lita 1 ta esansi tana son mililita 40 na mai, lita 5 tana son 200. Wato lita 1 ta mai tana isar lita 25 ta esansi. In 3 cikin 100 ne, mililita 30 ke nan a kowace lita. Mai gyara zai faɗi wanda ya dace da injin. Sirinjin dabbobi da anka wanke yana yin awo.

Esansin kwalba na ƴan ruwa-ruwa a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a ɗaga kwalbar a duba gindinta ko da ruwa ko ƙasa.

Soson iska a wanke shi, a shanya, a shafa masa mai kaɗan, a matse, a maida. Lokacin hunturu a yawaita. Fiffiken inji a kankare masa taɓo, don ta nan yake shan iska. In an daɗe cikin rairayi mai zurfi da kaya, a tsaya inuwa inji ya huta.

Cikin rairayi a rage iskar taya kaɗan, mahayi ya ja jikinsa baya, kar ya saki mai gaba ɗaya, kar ya danne birkin gaba. Ba a shiga daji sai da buji na biyu da abin kwance shi, da famfon iska, da kayan faci, da ruwan sha. Ƙayar aduwa ba ta san sauri ba.

Hular kwano a sa ta ko da tafiyar gona ce. Reshe ɗaya ya isa. Yaro ƙarami ba a ba shi babur. Da kaka da rani kar a ajiye babur mai zafi cikin busasshiyar ciyawa, gobarar daji ba ta da wuyar tashi.

A tambayi doka kuma. Saboda matsalar tsaro, a 2015 hukuma ta hana hawan babur a jihar Difa, a 2020 kuma a wasu sassan jihar Tilaberi. Kafin mutum ya sayar da bisarsa, ya tambayi maigari ko jandarma abin da doka ta ce a inda yake da inda zai riƙa zuwa.

Manomin nan ya buɗe ma babur shafi nasa cikin littafi. Hagu abin da ya ci, dama abin da ya kawo. Mutanen gari in za a kai marar lafiya likita, su ke zuba esansi da mai, haka ƙungiya ta shirya. Kowane ƙarshen wata yana tarawa ya gani. Ya ce ranar da hagu ta rinjayi dama wata uku a jere, zai sayar ya maida kuɗin garke.

Wanda ya yi irin wannan lissafi ya ga ba zai iya ciyar da babur ba, ya riƙe sansa. Jaki da amalanke ba abin kunya ba ne. Wanda kuwa ya ga zai iya, ya nemi mai gyara tukuna, ya tafi da safe inji da sanyi, ya karanta lamba da kansa. Masu karatu su karanta ma ƴan'uwansu da ba su iya ba tukuna, kafin ranar kasuwa ta zo.